RASHIN BARCI DA CIWON DAMUWA A TSAKANIN MATASA: NAZARI A KAN MAGANIN GYARAN TUNANI DA ƊABI'A A RUKUNI

1.0 GABATARWA

Bahaushe ya ce barci ɓarawo ne, domin kuwa yakan sace mutum ba tare da ya shirya ba. Amma akwai matasa da dama waɗanda wannan ɓarawo ya ƙaurace musu. Su kwanta da wuri, su yi ta juye-juye har dare ya raba, in ma barcin ya zo sai ya zo a gutsuttsure, gari ya waye musu cikin gajiya. Galibi akan ɗauki wannan ƙaramin al'amari ne, a ce ƙuruciya ce ko yawan hira. Sai dai binciken masana lafiya ya nuna cewa rashin barci mai ɗorewa yana daga cikin ƙofofin da ciwon damuwa ke shigowa ta cikinsu. Idan kuwa biyun suka haɗu a kan matashi, sukan raba shi da karatunsa da abokansa, wani lokaci ma har da ransa.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wata hanya da masana suka tsara domin magance waɗannan larurori biyu a lokaci guda, watau maganin gyaran tunani da ɗabi'a wanda ake gudanarwa a rukuni. Za a fara da fayyace ma'anar kalmomi, sa'an nan a dubi dangantakar larurorin biyu, da asalin maganin, da yadda ake gudanar da shi, da abin da gwaje-gwaje suka nuna, da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya.

2.0 MA'ANAR KALMOMI

Kalmar damuwa tana da faɗi a Hausa. Wanda aka yi wa rasuwa yana cikin damuwa, haka wanda ya faɗi jarrabawa. Irin wannan ba ciwo ba ne, yanayin rayuwa ne mai zuwa ya wuce. Abin da ake nufi da ciwon damuwa a nan shi ne wanda Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta zayyana a bugu na biyar na kundinta na cututtuka, wanda ya fito a 2013. Kundin ya kawo alamomi tara: ƙuncin rai a mafi yawan yini, gushewar sha'awar abin da aka saba jin daɗinsa, canjin cin abinci, rikicewar barci, sanyin jiki ko kasa zama wuri ɗaya, kasala, ganin kai ba a bakin komai ba, rashin natsuwa wajen tunani, da yawan tunanin mutuwa. Sai biyar daga cikinsu sun haɗu na tsawon mako biyu, kuma ɗaya daga cikin na farko biyu yana ciki, kafin a ce ciwon ya tabbata. A wurin yara da matasa, saurin fushi yakan tsaya a madadin ƙuncin rai, abin da kan sa iyaye su zaci rashin kunya ce.

Shi kuwa rashin barci, a matsayinsa na ciwo, shi ne mutum ya kasa fara barci, ko ya riƙa farkawa cikin dare, ko ya farka tun da sauran dare ya kasa komawa, aƙalla dare uku a mako har tsawon wata uku, alhali yana da lokaci da wurin kwanciya, kuma abin ya taɓa harkokinsa na rana. Ke nan ɗalibin da ya hana idonsa barci da gangan don karatun jarrabawa ba ya cikin wannan lissafi.

Maganin gyaran tunani da ɗabi'a ba na haɗiya ba ne, ba kuma na allura ba. Horo ne da tattaunawa, inda ƙwararre ke koya wa mai larura yadda zai gano tunane-tunane da ɗabi'un da ke raya ciwonsa, ya kuma sauya su da hannunsa.

3.0 DANGANTAKAR RASHIN BARCI DA CIWON DAMUWA

Da can likitoci sun ɗauki rashin barci a matsayin reshe, ciwon damuwa kuwa shi ne saiwa. A ganinsu, da zarar an warkar da damuwa barci zai komo da kansa. Bincike ya girgiza wannan ra'ayi. A 1996 Naomi Breslau da abokan aikinta suka fitar da sakamakon bin diddigin matasa kimanin 1,000 'yan shekara 21 zuwa 30 a jihar Mishigan ta Amurka. Bayan shekara uku da rabi, sai aka ga waɗanda suka taɓa fama da rashin barci sun fi sauran kamuwa da sabon ciwon damuwa da kusan ninki huɗu. A 2011 kuma Chiara Baglioni da abokan aikinta a Jamus suka tattara nazarce-nazarce 21, suka gano cewa mai rashin barci wanda ba shi da ciwon damuwa ya fi mai barci lafiya haɗarin kamuwa da shi da kimanin ninki biyu.

Har wa yau an lura cewa ko bayan ciwon damuwa ya lafa, rashin barci yana cikin alamomin da suka fi yin saura, kuma wanda ya rage da shi ya fi saurin komawa gidan jiya. Saboda irin waɗannan hujjoji ne kundin 2013 ya daina raba rashin barci zuwa na asali da wanda wani ciwo ya haifar, ya mayar da shi larura mai zaman kanta wadda ta cancanci magani nata.

Yadda biyun ke ciyar da juna ba boyayye ba ne. Wanda bai yi barci ba yakan wayi gari da gajiya da ƙaramar zuciya, sai ya ƙaurace wa aji da wasa da abokai. Ƙauracewar ta rage masa abubuwan da ke faranta rai, ta ƙara masa lokacin zama shi kaɗai yana saƙa da warwara. Idan dare ya yi, wannan saƙe-saƙen zuci ne zai bi shi gado ya hana shi runtsawa. Haka abin zai yi ta zagayawa.

4.0 ME YA SA MATASA?

A 1982 masanin barci Alexander Borbély na Jami'ar Zurik a ƙasar Suwizalan ya bayyana cewa abubuwa biyu ne ke tafiyar da barcin ɗan Adam. Na farko ana iya kiransa yunwar barci. Tun daga lokacin da mutum ya farka take taruwa, kamar yadda yunwar abinci ke taruwa, kuma barci ne kaɗai ke kashe ta. Wani sinadari mai suna adenosin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa yana da hannu a wannan, shi ne kuma sinadarin kafin da ke cikin kofi da shayi da goro yake toshe wa hanya. Na biyu shi ne agogon jiki, wanda ke zagayawa cikin kimanin awa 24, hasken rana ke saita shi, kuma shi ke ba da umarnin sakin sinadarin melatonin idan duhu ya yi. Barci mai daɗi yana samuwa ne idan yunwar ta cika a daidai lokacin da agogon ya ce dare ya yi.

Binciken Mary Carskadon ta Jami'ar Brown a Amurka, tun daga farkon shekarun 1990, ya nuna cewa da zarar yaro ya fara balaga agogon jikinsa yakan ja baya, ta yadda barci ba ya zuwa masa da wuri kamar da. Amma ƙararrawar makaranta ba ta ja baya tare da shi. Ga kuma hasken wayar hannu da hirar intanet da ke ƙara tura dare gaba. Alhali kuwa Cibiyar Likitocin Barci ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa 'yan shekara 13 zuwa 18 suna bukatar barcin awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Daɗin daɗawa, a waɗannan shekaru ne ciwon damuwa yake fara yawaita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kashe kai yana cikin manyan abubuwan da ke sanadin mutuwar 'yan shekara 15 zuwa 29.

Arthur Spielman ya kawo wani bayani a 1987 wanda ya zama ginshiƙin maganin. Ya ce dalilan rashin barci iri uku ne: akwai masu share fage, kamar gado da halin yawan tunani, akwai masu tayar da ciwon, kamar jarrabawa ko rasuwa ko rashin lafiya, sa'an nan akwai masu raya shi bayan abin da ya tayar da shi ya wuce. Waɗannan na uku galibi dabaru ne da mai larurar ya ƙirƙiro don taimakon kansa, kamar kwanciya da wuri, da ramuwar barci da rana, da daɗewa a gado ranar hutu. Ba a iya sauya gado, ba a iya soke jarrabawar da ta wuce, amma ana iya sauya ɗabi'a. Nan ne maganin ya sa gaba.

5.0 ASALIN MAGANIN

Rafuka uku ne suka haɗu suka zama wannan kogi. Na farko shi ne gyaran tunani. Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Pensilbaniya, wanda ya rayu daga 1921 zuwa 2021, ya lura a shekarun 1960 cewa masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu ba shiri, masu munana musu abu uku: kansu, da duniyar da suke ciki, da abin da gobe za ta haifar. Ya nuna cewa ana iya koya wa mutum ya kama irin wannan tunani ya auna shi da hujja. Peter Lewinsohn na Jami'ar Oregon kuma ya jaddada ɓangaren aiki, inda ya ce ciwon yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda mutum ya janye daga ayyukan da ke saka masa da jin daɗi.

Rafi na biyu shi ne dabarun barci. Edmund Jacobson ya wallafa hanyar sassauta jijiyoyin jiki a 1929. Richard Bootzin ya tsara ƙa'idojin sake haɗa gado da barci a 1972. Spielman ya kawo dabarar taƙaita lokacin kwanciya a 1987. Charles Morin kuma, a farkon shekarun 1990, ya harhaɗa waɗannan da gyaran tunani suka zama tsari guda. A 2016 Kwalejin Likitocin Amurka ta ba da shawarar cewa wannan tsari ne ya kamata a fara gwadawa ga baligi mai rashin barci mai ɗorewa, kafin ƙwayoyin barci.

Rafi na uku shi ne rukuni. Tun a 1905 wani likita a birnin Bostan, Joseph Pratt, ya riƙa tara masu tarin fuka yana karantar da su yadda za su kula da kansu, sai ya lura cewa haɗuwar kanta tana ƙarfafa musu gwiwa. A 1990 Lewinsohn da Gregory Clarke suka fitar da wani darasi na rukuni domin matasa masu ciwon damuwa, mai zama 16 na awa biyu-biyu cikin mako takwas.

6.0 YADDA AKE GUDANAR DA ZAMAN RUKUNI

Tsare-tsare sun bambanta daga wuri zuwa wuri, amma galibi akan tara matasa shida zuwa takwas, a zauna sau ɗaya a mako na kimanin awa ɗaya da rabi, har mako shida zuwa takwas, ƙarƙashin jagora ɗaya ko biyu. Ba a cika wuce wannan adadi ba, domin in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Kafin a sa kowa a rukuni sai an gana da shi shi kaɗai, an tantance larurarsa.

6.1 Littafin barci. A zaman farko akan kafa dokar riƙe sirri, sa'an nan a ba kowa takardar da zai riƙa cikewa kowace safiya: lokacin da ya kwanta, tsawon lokacin da ya ɗauka kafin barci, sau nawa ya farka, da lokacin da ya bar gado. Daga nan ake fitar da abin da ake kira ingancin barci, watau a raba awannin barci da awannin kwanciya. Alal misali, a ɗauka ɗalibi yana kwanciya ƙarfe 10 na dare ya tashi 7 na safe, amma barcinsa bai wuce awa 6 ba. Ya kwanta awa 9 ke nan, ingancin barcinsa kashi 67 cikin ɗari. Abin da ake nema shi ne kashi 85 ko fiye.

6.2 Taƙaita lokacin kwanciya. Wannan ita ce dabarar da ta fi ba matasa mamaki, domin a ce wa wanda barci bai ishe shi ba ya rage kwanciya kamar a ce wa mai ƙishirwa ya rage shan ruwa ne. Amma hikimarta a fili take. Ɗalibin da aka ambata yana ɓata awa 3 a gado ido biyu. Idan aka tsayar masa da lokacin tashi a ƙarfe 7, aka ce kada ya kwanta sai 12 na dare, yunwar barcinsa za ta taru sosai, barcin ya zo da sauri kuma a dunƙule. Duk makon da ingancin ya kai kashi 85, sai a ƙara masa minti 15, har a kai gwargwadon bukatar jikinsa. Ga matasa akan sassauta wannan dabara fiye da yadda ake yi wa manya. Makon farko yakan yi wuya, kuma wajibi ne jagora ya faɗi haka tun da wuri.

6.3 Sake haɗa gado da barci. Wanda ya shafe watanni yana juye-juye a gado, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta haɗa gado da fargaba. Shi ya sa wasu ke gyangyaɗi a kujera, amma da sun hau gado sai ido ya bushe. Ƙa'idojin Bootzin su ne: kada a kwanta sai an ji barci, kada a yi karatu ko kallo ko danna waya a gado, idan an yi kamar minti 15 zuwa 20 barci bai zo ba, a tashi a yi wani abu mai kwantar da hankali cikin haske kaɗan, sai barci ya zo a koma, a tashi lokaci ɗaya kullum, har ranakun hutu, a kuma guji barcin rana. Ɗalibin da ke ɗakin kwanan makaranta, wanda gadonsa ne kujerarsa kuma teburinsa, akan taimaka masa ya nemi mafita, kamar mayar da karatu ɗakin karatu, ko ware tabarma domin zama.

6.4 Saita agogon jiki. Akan umarci mahalarta su fita cikin hasken safiya da zarar sun tashi, su rage haske da waya kamar awa ɗaya kafin kwanciya, su kuma daina shan kofi da shayi mai ƙarfi da lemon ƙara kuzari tun daga azahar, domin rabin kafin ɗin da aka sha yakan kai kimanin awa 5 bai bar jini ba.

6.5 Gyaran tunani. A nan kowa yakan kawo tunanin da ke zuwa masa cikin dare. Wani ya ce in bai yi barci yau ba gobe ya faɗi jarrabawa. Wata ta ce ita kam ba za ta taɓa warkewa ba. Jagora ba ya ƙaryata su, ba ya kuma yi musu wa'azi. Tambaya yake yi: sau nawa aka kwana ba barci kuma aka shiga aji aka fahimci darasi? Me littafin barci ya nuna a makon jiya? Da aboki ne ya faɗi haka, me za a ce masa? Da haka mai tunanin zai gane da kansa cewa ya mayar da allura garma. Akan kuma koya musu ware minti 15 da yamma su rubuta abubuwan da ke damunsu da matakin da za su ɗauka, don kada su tafi da su gado.

6.6 Komawa ga ayyuka. Wannan ɓangare ciwon damuwa ya nufa kai tsaye. Mai ciwon yakan ce sai ya ji daɗi zai fita. Maganin ya juya zancen: sai ya fita zai ji daɗi. Kowa zai zaɓi ƙananan ayyuka biyu ko uku, kamar ƙwallo, ko ziyarar ɗan'uwa, ko komawa wata sana'ar hannu, ya sa musu rana da lokaci, ya auna yanayin zuciyarsa kafin da bayan aikin. Amfanin biyu ne, domin motsin rana yana ƙara yunwar barcin dare.

A zaman ƙarshe kowa yakan rubuta alamomin da za su nuna masa ciwon na neman komowa, da abin da zai yi a ranar.

7.0 HIKIMAR RUKUNI

Dalili na farko na tattalin ma'aikata ne. Ƙwararru ba su da yawa ko a ƙasashe masu arziki, kuma awa ɗaya da rabi da za ta ishi mutum ɗaya ko biyu tana iya isar takwas. Amma akwai abin da ya fi wannan. Irvin Yalom na Jami'ar Stanford, a littafinsa na 1970 kan maganin rukuni, ya lissafa abubuwan da ke warkarwa a cikin taro, daga ciki har da gane cewa ba kai kaɗai ba ne, da samun fata daga ganin wanda ya fara samun sauƙi, da jin daɗin taimakon wani. Mai rashin barci yakan zaci duk duniya ta yi barci ta bar shi, mai ciwon damuwa kuma yakan ɓoye halinsa don kunya. Ranar da ya ji sa'ansa ya faɗi abin da ke zuciyarsa kalma da kalma, rabin nauyin ya sauka. Bugu da ƙari, matashi ya fi karɓar magana daga tsaransa. Idan jagora ya ce a tashi daga gado in barci ya ƙi, umarni ne; idan ɗan'uwa ɗalibi ya ce ya gwada kuma ta yi, shaida ce. Sanin cewa za a tambaye shi a gaban 'yan'uwa mako mai zuwa kuma yakan sa ya cika aikin gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

8.0 ABIN DA GWAJE-GWAJE SUKA NUNA

Gwajin da ya fi dacewa da wannan batu shi ne na Eduard de Bruin da abokan aikinsa a Jami'ar Amstadam ta ƙasar Holan, wanda aka buga a 2015. Sun raba matasa 116 masu rashin barci gida uku ta hanyar ƙuri'a: masu zaman rukuni na mako shida, masu karɓar darasin ta intanet, da masu jiran layi. Kashi biyun farko sun fi masu jira saurin yin barci da ingancinsa. A rahoton da suka fitar a 2018, bayan bin matasan har shekara guda, sun nuna cewa alamomin damuwa ma sun ragu, kuma raguwar ta biyo bayan gyaruwar barcin ne.

A 2017 Daniel Freeman na Jami'ar Oksfod ya jagoranci gwaji a kan ɗalibai 3,755 daga jami'o'i 26 na Birtaniya. Ta intanet aka ba da maganin, ba a rukuni ba, amma darasinsa ya shafi wannan batu: da barci ya gyaru, alamomin damuwa da fargaba sun ragu. A Nijeriya kuwa, Tolulope Bella-Awusah da abokan aikinta sun buga sakamakon wani gwaji a 2016, inda ɗaliban sakandare 40 masu ciwon damuwa a Ibadan suka shiga, rabinsu suka halarci zaman rukuni biyar. Waɗanda suka halarta sun fi sauran samun sauƙi. Wannan gwaji damuwa ya nufa, ba barci ba, kuma adadinsa kaɗan ne, amma ya nuna tsarin rukuni na iya aiki a makarantun ƙasar nan.

Ba dukkan sakamako ne ya zo yadda aka so ba. Rachel Manber ta Jami'ar Stanford ta gwada ƙara maganin barci a kan ƙwayar damuwa ga manya 150, a rahoton 2016. Barcinsu ya gyaru, amma yawan waɗanda suka rabu da ciwon damuwa bai bambanta sosai da na ɗaya ɓangaren ba. Abin da za a iya faɗa da ƙarfi ke nan shi ne maganin yana gyara barci. Tasirinsa a kan damuwa kuwa na gaske ne amma matsakaici.

9.0 IYAKOKI DA ABUBUWAN KIYAYEWA

Rukuni ba na kowa ba ne. Matashin da ke tunanin kashe kansa yana bukatar ganin likita a ranar, ba jiran zaman mako ba. Mai ciwo mai tsanani kuma sau da yawa sai an haɗa masa da ƙwaya. A wani babban gwaji na Amurka da aka buga a 2004, mai matasa 439 'yan shekara 12 zuwa 17, kashi 71 cikin ɗari na waɗanda aka haɗa wa ƙwayar fluoxetine da gyaran tunani sun sami sauƙi bayan mako 12, alhali na gyaran tunani kaɗai kashi 43 ne.

Taƙaita lokacin kwanciya na da haɗari ga mai farfaɗiya, da mai ciwon nan da ke kai mutum tsakanin matsanancin zumuɗi da matsanancin ƙunci, domin ƙarancin barci na iya tayar da su. Haka mai tuƙi ko aiki da inji, saboda gyangyaɗin makonnin farko. Wanda numfashinsa ke sarƙewa cikin barci, mai yawan minshari, shi ma magani dabam yake bukata. Don haka bai kamata ɗalibi ya ɗauki wannan dabara ya gwada wa kansa ko abokinsa ba tare da ƙwararre ya duba shi ba. Sa'an nan akwai batun sirri. Jagora na iya riƙe amana, amma ba zai iya ɗaure bakin mutum takwas ba, musamman idan makarantarsu ɗaya. Akwai kuma mai kunyar da ba ya iya buɗe baki a taro, wanda ganawa ta mutum biyu ta fi masa.

10.0 KAMMALAWA

An ga a wannan maƙala cewa rashin barci ba reshen ciwon damuwa kawai ba ne, yakan riga shi zuwa, ya raya shi, ya kuma yi saura bayansa. An ga yadda maganin gyaran tunani da ɗabi'a ke kama abubuwan da ke raya ciwon, ta hanyar littafin barci, da taƙaita kwanciya, da auna tunani, da komawa ga ayyuka, da kuma yadda rukuni ke ƙara masa ƙarfin da mutum ɗaya ba ya iya bayarwa. Akwai wata fa'ida da ta cancanci a rufe da ita. Matashin da ba zai taɓa yarda ya ce yana da ciwon ƙwaƙwalwa ba, don gudun abin da za a ce, ba ya jin nauyin cewa ba ya samun barci. Ke nan barci ƙofa ce mai sauƙin ƙwanƙwasawa. Malami ko uba ko abokin ɗaki da ya ga ɗalibi ya rame, ya daina shiga mutane, yana gyangyaɗi a aji, tambayar da ta fi sauƙi kuma ta fi amfani ita ce yadda yake kwana. Amsar da zai bayar na iya zama mafarin kai shi ga likita tun ciwon bai yi nisa ba, kuma rigakafi, kamar yadda aka sani, ya fi magani.